Abin da Ashiru Ya Kashe a Kwamfutarsa

Akwai wani malamin firamare a Bebeji mai suna Ashiru. Danginsa na cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye garuruwansu. Shi bai taɓa ganin tsohon garin ba, amma kakarsa Iya Delu a can ta yi aure, kuma duk zuriyarsu ita kaɗai ta rage wadda ta san wurin da idonta.

Da ya ga tsufa ya kama ta, sai ya fara ɗaukar muryarta a waya. In ya taso daga makaranta ya leƙa gona, sai ya zauna a ƙofar ɗakinta. Ita kuwa ta yi ta zuba: inda rijiyar gari take, gidan wa ke jikin masallaci, yadda aka yi ranar da motoci suka zo kwasar kaya.

"Angona, wai me za ka yi da surutun tsohuwa?" in ji ta.

"Jikokina zan ajiye wa, Iya."

Wayar ba ta da wuri, don haka duk abin da ya ɗauka sai ya tura cikin kwamfutarsa ya goge na wayar.

Kwamfutar nan kuwa ta ishe shi. Tsohuwa ce, abokinsa Mujitaba da ke aikin kwamfuta a Kiru shi ya samo masa ita, shi kuma ya haɗa masa komai. In ya kunna ta, sai ya yi alwala ya yi salla bai ga ta gama tashi ba. Fankarta ta yi ta huci, manhajoji su yi ta buɗe kansu ba wanda ya kira su. Kafin ya fara aiki rabin caji ya tafi, ga wuta ba kullum ake samu ba.

Wata rana ya dawo a gajiye, ya kira Mujitaba.

"Mutumina, abin nan zai kashe ni."

"Manhajojin da ke tashi tare da ita ne suka yi yawa," in ji Mujitaba. Ya kwatanta masa inda zai shiga ya gan su. "Amma ka kashe wanda ka sani kawai. Wasu aiki suke yi maka a ɓoye. Wanda ba ka gane ba, ka bar shi sai na zo."

"Yaushe za ka zo?"

"Ka ɗan yi haƙuri, aiki ya yi min yawa."

Ashiru ya buɗe wurin. Ya kashe na kiɗa, ya kashe na wasan da yara suka sa. Sauran sunayen duk bai san su ba. Ya zauna yana kallonsu, kansa na sarawa. Matarsa Mansura ta kawo masa tuwo ta ce, "Malam, ba ya ce ka jira shi ba?"

"Na gaji da jira, Mansura. Albashi jira, taki jira, kwamfuta ma jira?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe duka.

Kwamfuta kuwa ta koma tamkar sabuwa. Da Mujitaba ya kira zai zo, Ashiru ya ce, "Yi zamanka, na gyara da kaina."

Haka ya ci gaba da ɗaukar Iya Delu har rani ya wuce. A lokacin ne ta fi sakin jiki. Ta lissafo kakanninsu da aka bari a maƙabartar da ruwa ya rufe. Ta rera waƙar da suke yi in suna daka, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Farkon damina Allah ya yi mata rasuwa.

Ana cikin zaman makoki aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, kwanon ɗakin Ashiru ya ɗage. Yana waje wurin karɓar gaisuwa, ko ta kan kwamfuta bai bi ba. Da ya shiga, ya tarar da ita jiƙe sharkaf a kan tebur. Ya kai ta Kano wurin masu gyara, suka ce ma'ajiyarta ta mutu, ba abin da zai fito.

Mujitaba ya zo ta'aziyya ya same shi zugum.

"Kwantar da hankalinka," in ji shi. "Tun ranar da na haɗa maka ita na sa manhajar da ke kwafe kayanka zuwa intanet duk lokacin da ka jona ta da waya. Komai yana nan."

Ya zaro wayarsa ya shiga. Ga muryoyin farko nan: rijiya, masallaci, motocin kaya. Daga nan sai babu. Ya ja ƙasa, ya sake ja, babu.

Ya ɗago ya dubi Ashiru. "Me ka kashe ranar nan?"

"Duka," in ji Ashiru, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Mujitaba ya mayar da wayarsa aljihu. Mansura ta juya ta shige ɗaki.

Daga baya Ashiru ya zagaya wurin goggonninsa ko akwai mai tuna waƙar dakan. Wata ta kawo baiti ɗaya, wata ta ce ba haka yake ba. Sunayen kakanni kuwa, kowa ya faɗi biyu ko uku sai ya tsaya. Ranar ya dawo gida bai iya cin abinci ba.

Darasi: Kada gajiya ta yanke maka hukunci. Rage manhajojin da ke nauyaya kwamfuta abu ne mai kyau, amma wadda ba ka san aikinta ba, ka tambaya kafin ka kashe ta, kuma in wanda ya sani ya ce ka jira, ka jira. Abin da ba shi da madadi, kada ka bar shi wuri ɗaya. Ku tura wa ’yan uwa wannan labari, wataƙila akwai mai shirin yin irin ta Ashiru yau.