Kason Ciwake

Tun kafin a ja ganuwar Tsamiyar Barmo, wurin daji ne baƙi ƙirin, babu hanya a cikinsa sai wadda giwaye suka buɗe. Kakanninmu sun ce mutum biyu ne suka fara sare shi: wani maharbi mai suna Barmo da amininsa Ciwake. Ba uwarsu ɗaya ba, amma nono ɗaya suka sha, domin uwar Ciwake ce ta rene su. Barmo yana jin maganar zabin daji, su ke gaya masa inda ɓauna ta kwanta. Ciwake kuwa, an ce kibiyarsa takan kewaya gindin kuka ta sami naman da ya ɓuya. Tare ake yi musu kirari: Barmo kunnen daji, Ciwake hannun Barmo.

Labarinsu ya bazu, mutane suka yi ta zuwa da iyalansu har gidaje suka kai arba'in. Suka naɗa Barmo sarkin baka.

Tun farautar farko Barmo ya kafa musu hanyar rabo. Wanda ya harba ba ya taɓa wuƙar rabo. A kasa nama daidai da yawan gidaje, mutum ɗaya ya juya baya, a nuna kashi, shi kuma ya kira sunan mai shi ba tare da ya gani ba. Sarkin baka ba a kiran sunansa, abin da ya rage shi ne nasa. Ya ce musu kibiya ba ta kashe nama ita kaɗai. Mai shiga ƙaya ya koro, da mai ɗaukar goran ruwa, duk da su aka kashe. Sau ɗaya ya faɗa, bai ƙara ba. Sauran shekarun gani kawai suka yi ta yi yana komawa gida da wuya da ƙafafu, Ciwake na binsa yana tsokanarsa da sarkin kofato.

Shekara goma sha ɗaya ana haka, sai aka yi fari. Tafkuna suka ƙafe, namun daji suka yi nisa, kaso ya koma kamar tafin hannu. A lokacin ne Tsahara matar Ciwake ta haihu, ga yunwa, nono ya ƙi zuwa. Wata rana Ciwake ya harbe gwanki, ya yanke cinya ɗaya ya ɓoye a kogon kuka kafin jama'a su iso. Barmo ya gani. Ya kawar da kai.

Ashe ba shi kaɗai ya gani ba, kuma an ga ya kawar da kan. Kafin wata ya ƙare, maharba uku sun sami nasu kogunan. Masu kora suka fara tsayawa a bakin sarƙaƙiya suna kaɗa sanda daga nesa. Da Barmo ya tambayi dattijonsu Nomau dalili, tsohon ya nuna masa tabon ƙaya a ƙwaurinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, da don kowa muke shiga. Yanzu ba mu san don wa ba."

Washegari da hantsi Barmo ya tara su a gindin tsamiya. Ya fara da kansa. Ya cire bakansa ya ajiye a ƙasa, ya ce ya ga ɓarna ya yi shiru, don haka zai yi rani guda cikin masu kora, ba zai harba ko kurciya ba. Duk wanda ya san yana da kogo ya yi haka. Maharban nan uku suka fito kansu a sunkuye suka ajiye nasu. Ciwake bai motsa ba.

"Nonon uwata ka sha, Barmo," in ji shi.

"Na sha. Shi ya rufe mini baki wata guda, ga abin da ya jawo."

"Wata gudan nan, ka taɓa leƙa gidana ka tambayi abin da jaririna ya sha?"

Barmo bai ɗaga doka ba, domin idon gida arba'in na kansa. Ciwake ya rataya bakansa, ya sa matarsa a gaba da goyonta, suka nufi yamma.

Barmo ya cika raninsa cikin ƙaya, yana ɗan shekara hamsin. Da masu kora suka ga jini a ƙafar sarkin baka, suka koma sarƙaƙiya ba wanda ya ce su koma. Ƙungiya ta miƙe, gari ya tsira daga farin. Amma zabin daji, an ce, tun daga ranar ba su ƙara yi masa magana ba, ko kuwa shi ne ya daina saurare.

Tambayar Ciwake ta zauna masa a rai. A rabon da ya biyo baya ya ce a ƙara kashi ɗaya, a fara kasa shi kafin na kowa, a kira sunan Ciwake. Aka kira, ba wanda ya amsa. Barmo ya zauna kusa da naman yana duban yamma har rana ta karkata, sannan ya ɗauka da hannunsa ya kai gidan wata mai jego. Haka ya riƙa yi a kowace farauta. Ya aiki mutane sau bakwai su nemo amininsa. Waɗansu suka ce sun ji labarin wani maharbi bayan babban kogi wanda ba ya cin nama sai an juya baya an kira suna. Ba wanda ya gan shi ido da ido.

Barmo ya ƙara shekara ashirin da uku. Ranar da zai rasu, da aka dawo daga daji, ya tambaya ko an amsa. Aka ce ba a amsa ba. Ya ce to, a jira zuwa la'asar.

Daji ya ƙare yanzu, gonaki sun cinye shi, jikokin maharban nan mahauta ne. Amma ka je Tsamiyar Barmo ranar kasuwa. Kafin a sayar da ko tsoka ɗaya, sarkin fawa zai ware kashi, ya fuskanci yamma ya kira Ciwake. Kasuwa takan yi tsit na ɗan lokaci, kamar wani zai amsa. Naman yakan zauna a kan ganye har la'asar, sannan sarkin fawa da kansa ya ɗauka ya tambayi gidan da aka yi haihuwa.