Barkono a Kan Tuta

An yi wani manomi, Nomau, da iska ta jefo wa tutar ofishin ƙaramar hukuma cikin gida. Matarsa Tabawa na ta masifar ba wurin shanya, sai ya shimfiɗa mata tutar, ta baza barkono. Aka gurfanar da shi gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Wata uku a gidan yari, sai fa in ka nuna mini yadda barkono ya girmama tutar ƙasa."

Nomau ya tuna geronsa ya isa yanka. Ya ce, "Allah gafarta malam, koren nan na mene ne?"

"Noma."

"To amfanin gona na ɗora masa. Farin fa?"

"Zaman lafiya."

"Wallahi tun da barkonon nan ya bushe, Tabawa ba ta ƙara zagina ba. A tambayi maƙwabta."

Alƙali ya daka masa tsawa: "Kai! Ai a kan sanda take aikinta!"

"Shekara uku tana can sama, ranka ya daɗe. Buhu nawa ta noma? Su wa ta sasanta?"

Alƙali ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ja'iri. A wanke ta kafin a ɗaga, kada ciyaman ya wuni yana atishawa."