Ranar da Aka Bar Haman a Tsibiri

Akwai wani saurayi a nan unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke kira Birik, sunansa Haman. Tela ne mai ɗinkin manyan riguna, shiru-shiru, in ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ita ce Inna Jaratu, mai tuyar ƙosai da safe a bakin layin masu yadi.

'Ya'yana, yau raina a ɓace yake, sai ku yi haƙuri da bakina.

Haman yana da abokai uku tun suna makarantar allo. Akwai Nu'man, ɗan Alhaji Mohaman mai yadi, shi ne mai baki a cikinsu, komai sai yadda ya ce. Akwai Ilyas direban taksi, duk inda Nu'man ya juya nan yake juyawa. Sai Rashidu mai tsire, sarkin tsokana. Kullum da azahar faranti ɗaya suke sa wa hannu a ƙofar shagon Haman, kofi ɗaya suke shan ruwa.

Abin da ba su sani ba shi ne Haman yana da farfaɗiya tun yana yaro. Yana shan magani safe da yamma, a ɓoye. Uwarsa ta hana shi gaya wa kowa, don ta san mutanenmu. Kun san abin da ake cewa, wai in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, to ka ɗauka.

Bayan Babbar Sallah, Nu'man ya ga hoton wani ɗan tsibiri a waya, can nesa bayan Douala. Farin yashi, itatuwan kwakwa, ba kowa sai bukkokin masunta.

Ya ce, "Mu kullum daga Birik zuwa kasuwar Mokolo, daga Mokolo zuwa Birik. Haka za mu tsufa ba mu ga teku ba? Ku shirya, ni zan nemo kwale-kwale."

Da Haman ya gaya wa uwarsa, ta ajiye matsamin ƙosai ta dube shi. "Kai da ruwa, Haman?"

"Inna, rabona da faɗuwa an daɗe. In na ƙi zuwa, za su tambayi dalili. Me zan ce?"

Ta bar shi ya tafi.

Motar dare suka shiga. Haman bai runtsa ba, kuma maganin yamma bai sha ba, don Nu'man na gefensa, shi kuwa ko alewa ka jefa a baki sai ya tambayi ta wane shago ce. Na safe ma haka ya wuce.

A Douala suka shiga kwale-kwale mai inji, dogo, siriri, gwiwa na gugar gwiwa. Tafiya ta yi tafiya, gari ya ɓace, waya ta daina kamawa. Ilyas ya ƙanƙame katako yana ta salati.

Rashidu ya ce, "Direba, taka birki mana, in kana da shi."

"Rufe min baki, mai warin hayaƙi. Ka ga ƙasan ruwan nan?"

Suka yi ta dariya har suka isa. Gaskiya sun ji daɗi. Rashidu ya sayi kifi wajen masunta ya gasa da yajinsa, suka ci da bobolo, dafaffen rogon nan da ake naɗewa a ganye, suka yi sallah a kan yashi. Mai kwale-kwalen ya gargaɗe su cewa da ruwa ya fara janyewa za a tashi, in ba haka ba jirgi ba ya fita.

Da yamma ta gabato, Nu'man ya ce a tsaya a bakin ruwa a ɗauki hoton ƙarshe. Suna cikin gyara tsayuwa, Haman ya yi wata irin ƙara ya zube. Jikinsa ya sandare, ya shiga karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa. Kuma kansa wajen ruwa ya faɗa.

Nu'man ya yi tsalle baya. "Farfaɗiya ce. Kada wanda ya taɓa shi."

Ilyas ya ruga bayan itacen kwakwa. Rashidu ma ya ja baya, ba zan ɓoye muku ba, shi ma da wannan maganar ta yawu ya girma. Sai igiyar ruwa ta zo ta rufe fuskar Haman. Ta janye. Wata ta taho.

Rashidu ya faɗa ruwan. Ya kamo shi ta hammata ya jawo shi kan busasshen yashi, ya juya shi a kan gefensa, ya tuɓe rigarsa ya tura masa ƙarƙashin kai. Kumfar nan duk ta shafe masa hannu har gwiwar hannu.

Can jikin ya saki. Haman ya shiga barci mai nauyi, wandonsa a jiƙe, ba da ruwan teku kaɗai ba.

Daidai nan mai kwale-kwale ya fara kira, ruwa na janyewa.

Rashidu ya ce, "Ku zo mu ɗauke shi. Ilyas, kama ƙafa."

Nu'man ya ce, "A ɗauke shi a kai ina?"

"Jirgi mana."

"Wane jirgin? Wanda muke zama jiki da jiki? Iska na kwaso yawunsa tana watsa mana a fuska? Kai ma da ka dulmiya hannu a ciki, kada ka matso ni."

"Nu'man, Haman ne fa."

"Na san Haman ne. Munafuki ne. Yana ɗauke da wannan abu yake sa hannu a farantinmu, bai taɓa faɗa ba. Shi ya ci amanarmu. Ya zauna nan, in ya warware ya bi masunta."

Rashidu ya juya wajen Ilyas. Ilyas ya dubi ƙasa. "Ka san ina da jariri a gida, Rashidu."

Ku ji abin da ya fi ƙona min rai. Jakar Haman tana cikin jirgi. Ko taɓa ta da hannu ba su yi ba. Sanda Ilyas ya samo ya saƙalo ta ya wurgar a kan yashi, kamar mushen ɓera. Nu'man kuma ya gaya wa mai jirgin da Faransanci cewa waɗancan biyun sun ce kwana za su yi. Mutumin ba ya jin Hausa, yana can yana fama da injinsa, ya ɗauka gaskiya ne.

Nu'man ya ɗaga murya daga cikin jirgi. "Rashidu, in za ka zo, wanke hannunka da kyau ka zauna can ƙarshe."

Rashidu ya zauna kusa da Haman, jirgi ya tashi ya bar su.

Da Haman ya farka, ya ce, "Ina suke?"

Rashidu ya nuna masa jirgin, ya zama ɗan ɗigo a kan ruwa. Haman ya dubi wandonsa, ya dubi hannun Rashidu, wanda ya goge da yashi har fatar ta yi ja. Ya gane komai. Ya rufe fuska.

"Kai me ya hana ka tafiya? Ba ka jin tsoro?"

"Tsoro? Har yanzu ina jinsa. Amma in na je Birik ba kai, ta ina zan bi in je wurin tsirena? Inna na zaune a bakin layi. Tashi ka canza wando, kana ba ni kunya a gaban kifaye."

Haman ya yi dariya yana hawaye. Ya buɗe jaka ya sha maganinsa, karo na farko a gaban wani. Wata mata mai bandar kifi ta ba su wurin kwana da abinci. Jirgi kuwa babu ranar zuwansa, masuntan wurin ba kullum suke fita gari ba, maganin da Haman ya taho da shi kuma kaɗan ne.

Washegari da safe Nu'man da Ilyas suka sauka daga taksi a bakin layi. Inna Jaratu na tuya.

"Sannunku da hanya. Ina Haman?"

Nu'man ya ce, "Sun tsaya Douala shi da Rashidu, Inna, ganin gari."

Ta dube shi, ta dubi Ilyas. "Ilyas, ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Dube ni. Ina ɗana?"

Ilyas ya fashe da kuka a tsakiyar titi, ya faɗi komai, har sandar.

Inna Jaratu ta sauke kaskon daga wuta. Ba ta yi ihu ba. Ta taka har shagon Alhaji Mohaman, ta zauna dirshan a ƙasa a bakin ƙofa, inda mai shiga ba ya shiga, mai fita ba ya fita. Mutane suka taru, 'yan kasuwa, teloli, masu tsire.

Alhaji ya fito. "Jaratu, lafiya? Tashi ki shigo ciki."

"Ba na tashi, Alhaji. Ku duka ku ji, yau zan faɗi abin da na ɓoye. Ɗana Haman yana da farfaɗiya. Ni na goge masa yawu da hannun nan tun yana ƙarami, da hannun nan kuma nake soya ƙosan da kuke ci kowace safiya. Wa ya ɗauka a cikinku? Kai Alhaji, ɗanka tun bai iya tsarki ba yake cin faranti ɗaya da shi. Ya taɓa faɗuwa? Jiya ya bar min shi kwance a tsakiyar teku, bai san inda kansa yake ba, ya zo yana min ƙarya a kan kaskona."

Alhaji ya juya wajen ɗansa. "Haka aka yi?"

"Baba, ai cutar..."

"Haka aka yi?"

"Haka ne."

Alhaji bai ɗaga masa hannu ba. Ya ce, "Ajiye jakar nan. Ba ka shiga gidana, ba ka shan ruwan gidana, sai Haman ya tako unguwar nan da ƙafarsa. Koma inda ka fito."

Nu'man ko takalmi bai canza ba ya koma tasha. Ilyas ya bi shi, wannan karon ba wanda ya ce masa zo.

Da suka isa tsibirin, sun tarar da Haman ya ji sauƙi, yana zaune a inuwa shi da Rashidu. Nu'man ya fara, "Haman, ka san shaiɗan..."

Rashidu ya ce, "Bar shaiɗan ya huta. Ba shi ya yi wa mai jirgi Faransanci ba."

Haman ya ɗauki jakarsa ya shiga jirgi.

A hanyar dawowa teku ta ɓaci. Jirgi na hawa yana sauka. Nu'man, da gajiya da yunwa, jiri ya kwashe shi, ya leƙa da kai yana amai, rabi a ruwa, rabi a ƙafar Haman. Wata igiya ta bugi jirgin, saura kaɗan ya wuntsila ciki. Haman ya damƙi bayan rigarsa, bai saki ba har suka ga gari.

Da suka taka ƙasa, Nu'man ya durƙusa. "Ka cece ni bayan abin da na yi maka. Ka yafe min, mu koma yadda muke."

Haman ya ce, "Na riƙe ka ne don kada ka nutse. Ko ban san sunanka ba zan riƙe ka. Yafiya na yafe, don ina son Allah Ya yafe min. Amma yadda muke, a'a. Na riga na ga yadda kake."

Haka suka dawo. Inna Jaratu ta rungume ɗanta, ta kamo Rashidu ta haɗa su ta rungume, tun ran nan ba ta kiransa sai "ɗana". Haman yanzu a fili yake shan maganinsa a shago. Wasu sun janye ɗinkinsu, ba zan yi muku ƙarya ba, jahilci bai ƙare ba. Amma da yawa sun zauna.

Ilyas ya yi ta sintiri gidan Inna Jaratu har ta gaji ta amsa gaisuwarsa.

Nu'man kuwa, kun san mu mutanen fatauci ne. Ba mai zuwa sarin kaya Garoua ko Kano shi kaɗai, sai da abokin tafiya, wanda in ka kwanta ciwo a hanya zai tsaya a kanka. Da lokacin sari ya zo, Alhaji ya zagaya layin masu yadi yana neman wanda zai tafi da ɗansa. Kowa ya ba shi uzuri. Wani dattijo ne ya gaya masa gaskiya. Ya ce, "Alhaji, ina da hawan jini. In na faɗi a hanya fa?"

Alhaji ya koma shago. Har yau, da tsufansa, shi yake zuwa sarin da kansa.

Darasi: Farfaɗiya ciwo ce kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta faranti. In mutum ya faɗi a gabanka, ka janye shi daga ruwa ko wuta, ka kwantar da shi a gefensa, kada ka cusa masa komai a baki, ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Ku iyaye, ku daina ɓoye ciwon 'ya'yanku har ya kai su ga halaka. Ku kuma samari, ba a sanin aboki a wajen hoto da gasasshen kifi, sai ranar da ka faɗi. Wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a kwance, ya sani mutane na gani, kuma ba sa mantawa. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu cewa yawu ne. Wataƙila wani ya karanta, gobe ya tsaya maimakon ya gudu.