Kambun Arzika Mai Fito

An yi wani sarki a wata alƙarya ta bakin gulbi, ana ce masa Sarki Barmo, wanda Allah ya hore wa kyauta da jaruntaka, amma ya jarrabe shi da zargi. Idan bafade ya yi dariya sai ya tambayi abin da ake wa dariya, idan kuma ya yi shiru sai ya tambayi abin da yake ƙullawa. Shekara ashirin bai kai loma baki ba sai wani dattijo mai suna Cindo ya fara ɗanɗanawa a gabansa, an kuma jira a ga ko zai faɗi.

A duk ƙasar mutum ɗaya ya amince wa, Arzika mai fito, wanda ya tsamo shi daga gulbi wata damina da jirgi ya kife da su. Arzika ya haura sittin a lokacin, amma sandar tuƙi ta gina masa damtse har kambun da ya gada wurin ubansa ya yi masa kanta a fata. Sarki ya ba shi gida kusa da fada, da barori shida, da wata kuku mai suna Ladingo, ya kuma yi umarni da babbar murya cewa daga ranar kada a bar Arzika ya ɗauki abin da ya fi ludayi nauyi.

Bayan shekara biyu Arzika ya zo gaisuwar Juma'a. Ya ɗaga hannu ya yi jinjina, yana saukewa sai kambun nan ya sulluɓo daga damtse, ya wuce gwiwar hannu, ya faɗi a gaban jama'a. Ya durƙusa zai ɗauka ya kasa tashi, sai da mutum biyu suka cicciɓe shi. Fuskar sarki ta sauya.

"An ci amanata a ƙofar gidana," in ji shi. "Abincin fada yake ci, ga shi yana tsiyayewa. Wa ke dafa masa?"

Nan take aka kamo Ladingo. Sarki ya dubi wazirinsa, wani masani mai suna Ilyasu, ya ce, "Na ba ka kwana bakwai. In ka kawo mini wani mai laifin, ta tsira. In ba ka kawo ba, hauni ya gama da ita, ni kuma in zauna in yi tunanin dalilin da ya sa ka kasa."

Waziri Ilyasu ya daɗe da sarkin nan har cutar ta ɗan shafe shi, domin shi ma bai fita fada ba sai da ya zargi kowa. Ya roƙa aka mayar da Ladingo madafa a ƙarƙashin tsaro, ya tare a gidan Arzika. Ya sa aka tone bakin ƙofa ko an binne wani abu, aka sami ƙasa. Ya sa aka zazzage randa da tukwane, aka sami ruwa da ƙanzo. Ya riƙa cin tuwo akushi ɗaya da Arzika, amma har kwana huɗu ko ciwon ciki bai yi ba. Kai, miyar ma daɗi ne da ita.

A rana ta biyar dabara ta ƙare masa, tsoro ya kama shi, sai ya zauna a zaure yana kallo kawai. Arzika ya miƙa hannu zai ɗauki buta, bara ya riga shi. Ya yunƙura zai tashi, biyu suka ɗaga shi. Masallacin da bai wuce taki arba'in ba, sai da aka kawo masa abin hawa. Waziri ya lura kuma cewa mutumin nan ba ramewa ya yi ba, domin tumbinsa ya turo riga. Damtse ne da cinya suka zube.

Ya ce, "Malam Arzika, yaushe rabonka da gulbi?"

Idon tsohon ya kawo ruwa. "Ranka ya daɗe, tun ranar da aka girmama ni. Sau ɗaya na ɗauki tsintsiya, yaran nan suka faɗi suna roƙona kada in ja musu bulala. To, wa zai mayar wa sarki da alherinsa?"

Daga cikin gida ana jin daka. Waziri ya leƙa ya ga Ladingo, wadda ta kusa sa'ar Arzika, tana wurga taɓarya sama tana cafewa duk da hawayen da ke fuskarta, tsokar hannunta na motsi kamar igiyar guga. A nan ya gane mai laifin, kuma ganewar ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan, domin ba a sanya wa irin wannan mai laifi mari a ƙafa.

Ranar Juma'a fada ta cika, aka gurfanar da Ladingo, hauni na tsaye a bayanta. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ga hannun da ya yi aikin. Amma kafin in ambaci sunansa ina roƙon arziki ɗaya: a ɗauko kambun da kake ɗaurawa zamanin da kake fita yaƙi."

Sarki ya dube shi ta wutsiyar ido, ya daɗe yana auna maganar, sa'an nan ya sa aka ɗauko. Ya naɗe hannun riga ya zura kambun, ya kai shi damtse ya saki. Kambu ya gangaro ya tsaya a wuyan hannu. Fadawa duk suka sunkuyar da kai.

Sarki ya zabura. "Ashe har da ni! Ni ma an sa mini!" Ya nuna Cindo mai ɗanɗano. "Da kai aka haɗa baki!"

"A yi mini afuwa, Zaki," in ji Waziri. "Cindo ya girme ka da shekara uku, kuma shekara ashirin duk abin da ya shiga cikinka sai da ya fara shiga nasa. In guba ce, shi za ta fara ci. A gwada masa kambun."

Aka zura wa Cindo. Da ƙyar ya wuce gwiwar hannu, ya cije a nan ya ƙi gaba. Sarki ya tambaye shi wane tsari yake sha.

"Babu, ranka ya daɗe," in ji Cindo. "Sai dai in na tashi daga nan gonata nake wucewa a ƙasa, in yi noma har la'asar, in ɗauko itace in komo."

Sa'an nan Waziri ya ce, "Allah ya ƙara maka imani, tsokar ɗan Adam da aiki take ginuwa a ƙuruciya, da aiki kuma take tsayuwa a tsakiyar rayuwa. Idan shekaru suka ja, tsufa yakan fara gutsurarta, wannan hukunci ne da ba ya tsallake sarki ko talaka. Amma a jikin mai motsi kaɗan-kaɗan yake gutsura, a jikin mai zama kuwa yanka yake yi, ya bar kitse a gurbin domin kada a lura. Ladingo ta ciyar da Arzika bisa amana. Abin da ya cinye damtsensa shi ne hutu, hutun kuwa umarni ne."

"Umarnin wa?" in ji sarki, ko da yake ya sani.

Waziri ya sa goshi a ƙasa. "Na wanda ya fi kowa ƙaunarsa."

Waziri yana jin motsin hauni, bai san ko kansa za a dawo ba. Sarki ya daɗe yana juya kambun a hannu, har dai halinsa ya motsa, ya ce, "Mai yiwuwa gaskiya ce, mai yiwuwa kuma wayon malamai ne. A kwance matar ta ci gaba da dafa masa, shi kuma a mayar masa da sandarsa. Nan da wata huɗu damtsensa zai yi shaida, ko a kanta ko a kaina."

Ranar farko Arzika bai iya tura jirgi ya bar gaɓa ba, ya zauna a kan yashi ya yi kuka. Waziri kuwa kowace safiya yana bakin gulbi yana kallon hannun tsohon nan, domin ran mutum biyu ke rataye a wurin. Da wata huɗu suka cika Arzika ya tako zuwa fada da ƙafarsa, ya yi jinjina ya sauke hannu. Kambu bai kama kamar dā ba, abin da shekaru suka ci ba ya komowa duka, amma ya tsaya a damtse bai motsa ba.

Sarki ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba, ya tsaya a gaban Ladingo ya ce, "Baiwar Allah, na kusa zubar da jininki a kan laifin da ni na aikata. Ki yafe mini." Ta ce ta yafe, ya ba ta gida da garken awaki. Ya juya ga Waziri ya ce, "Kai kuwa na ba ka barori goma su hutar da..." Sai ya dubi nasa hannun, ya yi dariyar da fadawa suka manta yana da ita. Ya yafa masa alkyabba, ya ba shi gona kusa da ta Cindo, ya sa aka kawo fartanya biyu ya riƙe ɗaya.

Daga ranar aka rubuta a ƙofar majalisarsa: adalci shi ne mai mulki ya fara bincikar hannunsa kafin ya ɗaure hannun wani.