Rijiyar da Maƙiya Suka Sa Aka Haƙa

Akwai wani tsoho mai lambu a kusa da wani rafi, shi da matarsa. 'Ya'yansu sun girma sun tafi birni, sai su biyu suka rage suna noman tumatir da alayyafo da barkono. Shi ne mai ban ruwa, ita ce mai tsinka ta kai kasuwa. In ya tsokane ta ya ce, "Tsohuwa, kin fi tumatirin nan nuna," sai ta ce, "Kai kuma ka fi busasshen barkono yamutsewa." Su yi ta dariya. Haka suke zamansu cikin tsoron Allah.

Kafin ruwan rafi ya iso lambunsu, sai ya bi ta tsakanin gonakin maƙwabta biyu, ɗaya mai albasa, ɗaya mai rake. Waɗannan biyu ko gaisawa ba sa yi, saboda wani itacen mangwaro da ke kan iyakarsu, kowa yana cewa nasa ne. Da faɗan ya kai gaban dagaci, aka ce a kira tsohon nan ya ba da shaida, gama shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga dasa itacen. Mai albasa ya zo masa da kwandon albasa, mai rake ya zo da damin rake, kowa yana cewa, "Baba, ka tsaya mini." Tsoho ya yi godiya, ya mai da wa kowa kayansa. A gaban dagaci ya ce, "Wata gwauruwa ce ta dasa shi domin masu wucewa su sha inuwa. Ba na ɗayansu ba ne."

Bayan 'yan kwanaki, tsohuwa tana dawowa daga kasuwa, sai ta ga mai albasa da mai rake a kan tabarma ɗaya, suna raba goro. Ta iso gida tana haki don murna, ta ce, "Maigida, Allah ya yi abin al'ajabi! Sun shirya!"

Tsoho ya ce, "Allah ya sa shirin alheri ne."

Kashegari ruwa bai zo ba. Tsoho da matarsa suka bi hanyar ruwan, sai ga maƙwabtan nan biyu kafaɗa da kafaɗa, suna tara ƙasa suna toshe ta. Mai rake ya ɗaga kai ya ce, "Baba, tun da mangwaro na kowa ne, je ka nemi ruwan kowa ka ba lambunka." Dagaci ya tsawata musu, suka buɗe, da ya juya baya suka sāke toshewa.

Tsohuwa ta yi kuka mai zafi. Ta tuna yadda ta riƙa goyon 'ya'yan mutanen nan, tana ba matansu alayyafo kyauta. Ga tumatir ya fara sunkuyar da kai, ga rafi da nisa, bayanta kuma ba ya ɗaukar tulu kamar dā. Da suka durƙusa yin addu'a, tsoho ya roƙa wa lambunsu jinƙai, sa'an nan ya roƙa wa mai albasa da mai rake albarka. Ya gama, ya ji shiru.

Ya ce, "Tsohuwa, ban ji Amin ɗinki ba."

Ta ce, "Na ce Amin ga rabin farko."

Ya yi murmushi, bai matsa mata ba. Ya ɗauki fartanya ya nufi ƙurewar lambu, inda ciyawa ba ta bushewa da wuri, ya fara haƙa. Ita tana kwashe ƙasa da ƙwarya tana mita: "Da tsufanka za ka haƙa wa kanka kabari?" Amma ba ta bar shi shi kaɗai ba ko sau ɗaya. Suka sha wahala, hannuwansu suka yi kanta. Ran nan ƙasar ta fito da danshi, sa'an nan taɓo, sa'an nan ruwa ya ɓuɓɓugo, mai sanyi, garau. Tsohuwa ta zauna a bakin ramin tana kuka tana dariya.

A shekaran nan bazara ta yi tsanani, rafi ya janye har ya koma kamar zare. Abokan nan biyu suka fara gardama a kan wanda zai fara ban ruwa, gardama ta zama zagi, zagi ya zama dambe, gabarsu ta fi ta dā. Sa'an nan rafin ya ƙafe sarai.

Wata rana da tsakar rana, tsohuwa ta hangi matar mai albasa a bakin shinge da tulu a kai, kunya ta hana ta sallama. Zuciyar tsohuwa ta tafasa. Ta dubi mijinta, shi kuwa yana ta gyaran igiyar guga. Ta sāke duban matar, ta ga leɓunanta sun tsattsage don ƙishi. Sai ta karɓi gugan daga hannunsa ta ce, "Shigo, 'yata. Sha tukuna. In kin koma, ki ce wa maigidanki ya zo, kada albasarsa ta mutu."

Mai albasa ya zo, mai rake ma ya biyo, kowa kansa a sunkuye. Suka durƙusa suka ce, "Baba, ka gafarta mana."

Tsoho ya ce, "Ni tuni na gafarta. Ga wadda za ku roƙa nan."

Tsohuwa ta share ido da gefen zanenta ta ce, "Ku tashi ku ja ruwa, rana tana yi."

Ma'anar wannan misali ita ce: tsoho da matarsa su ne masu bi, lambun kuma bangaskiyarsu ce. Maƙwabtan su ne waɗanda ba abin da ya haɗa su sai ƙin mai gaskiya. Wannan ba sabon abu ba ne. Maganar Allah ta nuna mana wani sarki da wani gwamna da suke gaba da juna, amma suka zama abokai a ranar da aka yi wa Ubangijinmu Yesu shari'a. Sun zaci sun toshe hanyar rai, ashe daga gicciyen nan ne Allah zai buɗe maɓuɓɓugar ceto ga duniya duka, har da su, in sun tuba.

Saboda haka, ƙaunatattuna, in kun ga waɗanda ba sa shiri sun haɗa baki a kanku don kun ƙi yin ƙarya, a makaranta ko a kasuwa ko a cikin dangi, kada ku firgita. Abutar da aka gina a kan ƙiyayya ba ta jure fari. Ku yi addu'a, ku ci gaba da aikin da ke hannunku. Allah yana da ruwa a inda maƙiyi bai sani ba. In kuwa zuciyarku ta yi nauyi kamar ta tsohuwar nan, Ubanku na sama ya sani, yana kuma haƙuri da ku. Abu ɗaya yake nema: ranar da wanda ya toshe muku ruwa ya tsaya a bakin shingenku da ƙishi, ku miƙa masa guga.