Ranar da Ƙarya ta Ƙare wa Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Dila ya yi wa tsohonsu makaho ƙarya, ya karɓe gonar wansa, ya sayar, ya gudu. Da yunwa ta koro shi gida, ya tsara ƙarairayi a hanya. Yana ganin wan nasa, duk suka ɓace masa.

Ya ce, "Yaya, ni na cuce ka."

Wan ya ce, "Na sani tun ranar. Bakinka nake jira. Shigo ka ci tuwo."

Dila ya cika ciki yana hawaye, ya ce, "Ashe gaskiya ma dabara ce! Don me aka ɓoye mini?"

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba, da ni ma na yi muku ƙarya.