Koci Kurege da Buhun Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, a rufe baki. Kai, sauke ƙafarka.

A da can, lokacin da ƙwallo ta tsumma ce, raga kuwa kara biyu ne a kafe, ba takalmi ba usur, Kurege ne kocin dabbobin Fadama. Wasa ke nan mai daɗi, ba irin naku na talabijin ba.

Dabararsa ɗaya ce tak. Dorina ta toshe gola da jikinta. Kunkuru da Bushiya da sauran su jeru a gabanta. Zomo kaɗai a gaba. Kurege na bakin fili yana ihu: "Kowa baya! A ɗaga wa Zomo!" Sai a ɗaga, Zomo ya sheƙa, ya zura ɗaya. Kowa baya, a ɗaga wa Zomo. Kaka guda ba wanda ya ci su.

Ran wasan ƙarshe da 'yan Dila, aka ajiye buhun gyaɗa. Al'ada kuwa, wanda ya ci ƙwallo shi ke fara cika kumatunsa. Kurege ya dubi buhu, yawu ya tsinke masa.

Ya ce, "Zomo, ɗan'uwa, ɗingishi kake yi."

Zomo ya ce, "Ni? Lafiyata ƙalau, Koci."

"Koci ya fi ka sanin ƙafarka. Zauna, ni zan shiga."

Aka take wasa. Aka ɗaga wa Kurege. Ya ruga, ya ruga, sai halinsa ya motsa: ya tsaya cak, ya miƙe kan ƙafa biyu yana leƙen buhu. Dila ya ɗauke ƙwallo. Aka sake ɗagawa, ya sake tsayawa.

Dila kuwa bai kai hari ba. Ya ce wa yaransa, "Ku yi ta ba juna, rana za ta yi mana aiki." Rana ta take. Fatar Dorina ta fara tsagewa.

Ta ce, "Koci, ko akwai wata dabara?"

"Kowa baya!"

"Ai bayan muke tun safe!" Ta tashi ta nufi kogi. Dila ya gangara da ƙwallo cikin gola a hankali, ya saɓi buhu.

'Yan Fadama suka kewaye Kurege. Bushiya ta miƙe ƙayoyinta.

Ya ce, "Haba jama'a, ku bari in zana muku a ƙasa, ku ga mai laifi. Nan Dorina take." Ya tona. "Nan Kunkuru." Ya tona. Suka sunkuya suna kallo. Ya tona, ya tona, sai wutsiya kawai suka gani, ita ma ta shige.

Har yau yana ramin. In ya fito, ya ɗan ruga sai ya miƙe, buhun nan yake hange.

Ƙurunƙus kan tsumman ƙwallo. In kocinku ya durƙusa zai yi zane a ƙasa, wani ya taka masa wutsiya tukuna.